Babi na Shida: Hukunci da Isnadinsa

Shin maganin ciyawar nan da ake fesawa a gona yana kawo ciwon daji, ko kuwa ba ya kawowa? Tambaya ce da manoma suke yi wa malaman gona, masu sayar da maganin feshi suke yi wa junansu a bakin kasuwa, ɗalibai kuma suke yi wa wayoyinsu. Duk wanda ya yi ta kuwa, kalma ɗaya yake jira, i ko a'a, domin a hankalinsa, tun da masana sun auna, sun gwada, sun kuma zuba sakamakon a kwamfuta, babu dalilin da zai sa amsa ta wuce haka. Amma idan ya buɗe ɗaya daga cikin manyan rumbunan bayanai na duniya, sai ya tarar da amsoshi jere a shafi guda, wannan ta ce akwai zato mai ƙarfi, waccan ta ce hujja ba ta tabbata ba, har ya soma tunanin ko dai masanan ba su san abin da suke yi ba, ko kuwa na'urar ce ta rikice.

Na'urar ba ta rikice ba. Hasali ma, rumbun da ya ba shi amsa ɗaya tak, ba tare da ya faɗi daga bakin wa ya ji ta ba, shi ne ya cancanci a tuhume shi. A babin da ya gabata mun ga yadda ake ba kowane sinadari lambar da ta keɓanta da shi, ta yadda ruwan sha ya zama 7732-18-5 a rajistar CAS ko a wane harshe ake magana. A nan za mu duba wani aiki da ya fi wancan wuya, wato yadda ake rubuta haɗarin sinadari a cikin tsarin bayanan kiwon lafiya ba tare da an yi wa gaskiya ragi ko ƙari ba.

Harshen da ke jikin kwalba

Har zuwa ƙarshen ƙarni na ashirin, kusan kowace ƙasa mai masana'antu da nata ma'aunin take aiki, ta yadda ganga ɗaya za ta bar wata tashar jiragen ruwa da tambarin guba, ta sauka a wata tashar da tambarin abu mai 'yar cutarwa kawai, alhali abin da ke cikinta bai sauya ba. A taron duniya kan muhalli da aka yi a birnin Riyo na ƙasar Birazil a 1992 aka ƙudurta samar da ma'auni ɗaya, aka shafe shekara goma ana shawara, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tsarin da ake kira GHS a watan Disamba na 2002, aka buga shi a 2003, ake kuma yi masa gyaran fuska duk bayan shekara biyu.

Wanda ya juya kwalba ko buhun sinadarin da aka shigo da shi daga waje zai ga ayyukan wannan tsari da idonsa: murabba'i mai jan baki, tsaye a kan kusurwarsa, da baƙin zane a cikin farin fili. Zanen iri tara ne, daga ciki akwai ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, da harshen wuta, da mataccen kifi kusa da busasshiyar itaciya, da ƙirjin mutum mai alamar tauraro a tsakiya, wanda yake nuna cutar da take ɗaukar lokaci kafin ta bayyana. A takardar bayanin sinadarin kuma akwai lambobi masu farawa da harafin H: waɗanda ke cikin jerin 200 sun shafi gobara da fashewa, na 300 sun shafi lafiyar jiki, na 400 kuma sun shafi muhalli.

Kowane nau'in haɗari yana da darajoji. A gubar da ake haɗiyewa, misali, ana duba adadin da zai kashe rabin dabbobin gwaji, a lissafa shi da miligiram ga kowane kilo na nauyin jiki: wanda bai wuce 5 ba yana daraja ta 1, zuwa 50 daraja ta 2, zuwa 300 ta 3, zuwa 2000 ta 4, zuwa 5000 kuma ta 5. To, tun daga nan mai tsara rumbu yake fara cin karo da tarko, domin lambar H300 ta haɗa daraja ta 1 da ta 2, ƙoƙon kai kuma ya haɗa ta 1 har zuwa ta 3. Don haka wanda ya adana zane kaɗai, ko lamba kaɗai, ya zubar da wani sashe na bayanin da ba zai iya maido shi ba.

Tarko na biyu shi ne, GHS a kan kansa ba doka ba ne, shawara ce da kowace ƙasa take ɗibar abin da ta ga dama daga cikinta, daga bugun da ta ga dama. Tarayyar Turai ta shigar da shi cikin dokarta mai lamba 1272 ta 2008, Amurka ta daidaita dokar kare ma'aikatanta da shi a 2012, amma dukansu biyu sun bar daraja ta 5. A 2023 kuma Turai ta ƙara wasu nau'o'in haɗari nata na kanta, kamar na sinadaran da suke dagula aikin homon a jiki. Ma'auni ya zo ɗaya a bisa asali, amma masu hukunci da shi sun kasance da yawa.

Saɓanin hukumomi

Mu koma kan maganin ciyawa, mu ɗauki wanda ya fi kowanne yaɗuwa a duniya, wato gilaifoset, mai lamba 1071-83-6. A watan Maris na 2015, hukumar binciken ciwon daji ta IARC, wadda take birnin Liyon na Faransa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya shi a rukuni na 2A, ma'ana mai yiwuwa ne ƙwarai yana haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, bisa hujjar da ta ce isasshiya ce a dabbobin gwaji, taƙaitacciya a mutane. A watan Nuwamba na wannan shekara, hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce da wuya ya kasance haka. A watan Mayu na 2016, kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya ce da wuya ragowarsa da ke shiga abinci ta jawo wa mutum wannan ciwo. A 2017, sannan a 2022, kwamitin hukumar sinadarai ta Turai da ke Helsinki ya ƙi sanya shi cikin masu haddasa ciwon daji, amma ya tabbatar masa da H318 saboda mummunar illarsa ga ido, da H411 saboda gubarsa ga halittun ruwa.

Wanda bai bi diddigi ba zai ce dole ɗayansu ya yi kuskure, kuma ba mamaki a wasu wuraren haka ne, domin har yau masana ba su daina muhawara ba. Sai dai babban sashe na saɓanin ya samo asali ne daga bambancin tambaya da bambancin hujja. IARC tana tambaya ne ko abu yana iya kawo ciwon a wani hali, kwamitin 2016 kuwa ya tambayi ko adadin da mutum yake ci a abinci zai kawo shi. IARC ta taƙaita kan binciken da aka wallafa kowa ya gani, ta kuma duba har da gaurayen maganin da ake sayarwa. Hukumomin Turai sun karanta har da binciken kamfanoni da ba a wallafa ba, suka kuma fi mayar da hankali kan tsantsar sinadarin.

Wani abin da yake ƙara ruɗani shi ne kamannin lambobi. IARC tana da rukuni na 1, da 2A, da 2B, da 3. GHS yana da 1A, da 1B, da 2. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da nata jerin na magungunan feshi, Ia, Ib, II, III da U, wanda ma ba ciwon daji yake aunawa ba, ƙarfin guba yake aunawa. Rumbun da ya rubuta "daraja ta 2" ya yi shiru, bai faɗi komai ba.

Gurbi ɗaya ba ya isa

Hanya mafi sauƙi ga mai tsara rumbu ita ce ya zana jadawali, kowane sinadari da layinsa, ya buɗe gurbin suna, da gurbin nauyi, da gurbin zafin da yake narkewa, sannan ya ƙara gurbi ɗaya mai taken ciwon daji, a rubuta i ko a'a. Kuskuren da ke cikin wannan shi ne an daidaita abubuwa biyu da ba jinsinsu ɗaya ba. Nauyin ƙwayar sinadari sifa ce ta zatinsa, wadda ko a Kano aka auna ko a Tokiyo, ko bara ko baɗi, amsa ba za ta sauya ba. Sanya shi a rukuni kuwa hukunci ne da wasu mutane suka yanke, a wata rana, ƙarƙashin wata doka, bisa hujjojin da suke gabansu a lokacin.

Akwai rumbuna irin su ChEBI, wanda ake kula da shi a Hinkiston kusa da Kembirij a Ingila, da suke jingina wa sinadari aikinsa kai tsaye, a ce wannan maganin ciyawa ne, wancan maganin ƙwari ne, kuma hakan ya wadatar a inda babu jayayya. Amma da zarar an zo kan hukunci, jinginawa kai tsaye sai ta zama zaɓen ɓangare a ɓoye, domin wanda ya cika gurbin ya fifita wata hukuma a kan wata, mai karatu kuma ba shi da hanyar sanin an yi haka.

Matani da isnadi

Maslahar da masu wannan fanni suka cimma ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi, domin tun ƙarnonin farko malaman Musulunci suka ƙi karɓar matani ba tare da isnadi ba, suka wajabta wa mai ruwaya ya faɗi wanda ya ji daga gare shi, shi ma wancan daga wa ya ji, ta yadda mai nazari zai iya auna kowace magana da ma'aunin masu ɗauke da ita. Haka tsarin bayanai mai inganci yake yi wa hukuncin haɗari: yana ba shi nasa layin daban, kamar yadda sinadari yake da nasa, sannan ya ɗaura masa sunan hukumar da ta yanke shi, da dokar ko bugun da aka yi aiki da shi, da nau'in haɗarin, da darajarsa, da hanyar da abin yake shiga jiki, da ranar da hukuncin ya fara aiki, da takardar da za a koma a karanta hujja. Ta haka gilaifoset zai kasance da layi ɗaya a jadawalin sinadarai, da layuka da yawa a jadawalin hukunce-hukunce, ba tare da wani ya ture wani ba.

Wannan ba tunani ba ne kawai. Rumbun Wikidata, wanda aka buɗe a 2012, yana ba kowace magana damar ɗaukar ƙaidoji da madogara. Tsarin Biolink, wanda ake amfani da shi wajen haɗa rumbunan ilimin cututtuka da magunguna a Amurka, yana rarrabe asalin wanda ya faɗi magana da wanda ya tattaro ta kawai. Fa'idar wannan rarrabewa tana bayyana a misalin jihar Kalifoniya, wadda ta sanya gilaifoset cikin jerinta na masu haddasa ciwon daji a watan Yuli na 2017, ba don ta yi wani sabon gwaji ba, sai don dokarta ta ɗora mata bin abin da IARC ta ayyana. Na'urar da ba ta san isnadi ba za ta ƙirga shaidu biyu, alhali ruwaya ɗaya ce ta zo ta hanya biyu.

PubChem, babban rumbun cibiyoyin lafiya na Amurka da aka buɗe a 2004, yana nuna wani fanni na wannan mas'ala. A Turai, sinadarin da hukuma ba ta yanke masa hukunci na bai ɗaya ba, kamfanonin da suke sarrafa shi ko shigo da shi su ne suke rarraba shi da kansu su sanar, kuma sau da yawa sukan saɓa. PubChem yana tattara waɗannan sanarwoyi ya rubuta kashi cikin ɗari a gefen kowace lambar H. To, wannan kason adadin masu faɗa ne, ba ƙarfin haɗari ba, kuma ba ya daidai da hukuncin da doka ta tabbatar. Tsarin da bai ware wa wannan bambanci gurbi ba zai gauraya fatawar hukuma da ra'ayin 'yan kasuwa.

Wane abu aka yi wa hukunci?

Bayan sanin mai hukunci, sai sanin abin da aka yi wa hukuncin, kuma a nan ma suna kaɗai ba ya isa. Abin da manomi yake zubawa a tankin feshinsa galibi ɗaya ne daga gishirorin gilaifoset, kowanne da lambarsa daban, a gauraye da wasu sinadarai masu sa magani ya kama ganye, waɗanda wani lokaci sukan fi shi kansa illa. Ɗaya daga cikinsu ma Tarayyar Turai ta hana haɗa shi da gilaifoset a 2016. Hukuncin tsantsa ba ya wucewa kan gauraye kai tsaye, na gauraye ma ba ya komowa kan tsantsa.

Yawa ma yana sauya hukunci. Ɗauki sodar da mata suke haɗa sabulu da ita, farar nan mai kama da ɓarzajjen gishiri, wadda take ɗaukar zafi da zarar an zuba ta a ruwa, take kuma sa yatsa santsi idan ta taɓa shi, santsin da ba komai ba ne illa fatar da ta fara narkewa. A dokar Turai, ruwan da sodar cikinsa ta kai kashi 5 cikin 100 yana daraja mafi tsanani ta masu cin fata. Daga kashi 2 zuwa 5 ya sauko daraja ta ƙasa da ita. Daga rabin kashi zuwa kashi 2 kuwa, ƙaiƙayin fata da na ido kawai aka rubuta masa. Sinadari ɗaya, lamba ɗaya, hukunci uku. Idan babu gurbin yawa, dole rumbu ya tsorata mutane da ruwan da ba ya ƙuna, ko ya kwantar musu da hankali kan wanda yake makantarwa.

Hukunci yana da zamaninsa

Farin garin taitaniyam dayoksaid, wanda yake ba fenti da man goge haƙori da ƙwayoyin magani farinsu, ya tara waɗannan darussa duka a labari ɗaya. A 2020 Tarayyar Turai ta sanya shi a daraja ta 2 ta waɗanda ake zargi da haddasa ciwon daji, amma da ƙaidi biyu: ta hanyar shaƙa kaɗai, kuma a siffar garin da aƙalla kashi 1 cikin 100 nasa ƙwayoyi ne da ba su wuce maikuromita 10 ba. Hukuncin ya fara aiki a watan Oktoba na 2021. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun Tarayyar ta soke shi, aka ɗaukaka ƙara, babbar kotu kuma ta tabbatar da sokewar a watan Agusta na 2025. Duk tsawon wannan lokaci IARC tana riƙe da shi a rukuni na 2B, hana sanya shi a abinci da Turai ta yi a 2022 kuma yana nan, domin wannan wata doka ce daban mai nata dalilin.

Mai gaggawa zai ce a goge tsohon layi a rubuta sabo, amma gogewa ɓarna ce, domin akwai takardun masana'antu, da bayanan duba lafiyar ma'aikata, da binciken jami'o'i da aka rubuta a shekarun da hukuncin yake raye, waɗanda ba za a fahimce su ba sai an san abin da doka take cewa a ranar da aka rubuta su. Abin da ya dace shi ne a bar mansukhi, wato hukuncin da aka soke, a mazauninsa, a rubuta masa ranar ƙarewa da sababinta, a kuma nuna abin da ya shafe shi.

Shiru ba shaida ba ne

Saura mas'ala ɗaya, wadda ta fi sauran ɓuya, wato gurbin da aka bari ba a rubuta komai ba. Rashin hukunci yana iya nufin an gwada an ga babu illa, ko an gwada sakamako bai fito fili ba, ko ba a taɓa gwadawa ba, ko kuma tambayar ma ba ta shafi abin ba. Hukumomin Turai da na Japan suna rarrabe irin waɗannan dalilai a takardunsu, rukuni na 3 na IARC ma ba wanke abu yake yi ba, cewa kawai yake yi hujja ba ta kai a yanke hukunci ba. Amma yayin da ake kwafe bayanai daga rumbu zuwa rumbu, sau da yawa waɗannan dalilai sukan zube a hanya, su bar fili fari wanda na'ura za ta karanta a matsayin a'a. Kuma tun da sinadaran da aka yi wa cikakken gwaji kaɗan ne idan aka kwatanta da miliyoyin da aka yi wa rajista, wannan kuskure yana mayar da jahilci ya zama takardar shaidar aminci.

Saboda haka, amsar da rumbu nagari zai ba manomi ba za ta zama kalma ɗaya ba, amma za ta zama amsar da zai iya aiki da ita: ga abin da hukumomi suka saɓa a kansa, ga wanda ya faɗi kowanne da shekarar da ya faɗa, ga kuma abin da takardar maganin ta tabbatar, wato ya kare idonsa, kada kuma ya wanke tankin feshi a rafi.

Sai dai duk wannan gini ya dogara ne a kan sanin sunan sinadari, kuma a ɗakin karɓar marasa lafiya ba kullum ake samun sunan ba. Idan aka kawo yaron da ya sha fiya-fiya daga kwalbar da ba ta da takarda, likita zai gane alamun daga ƙanƙancewar ƙwayar ido da dalalar yawu, ya yi masa allurar atirofin, ya rubuta T60.0 a kundin cututtuka, lambar da ta haɗa manyan dangogi biyu na magungunan ƙwari ba tare da ta ambaci wani sinadari da sunansa ba. Alhali daikulobos, wanda aka fi samu a irin waɗannan kwalabe, yana da nasa layin a rukunin Ib na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yadda ake ƙulla zare tsakanin fayil ɗin maras lafiya da rumbun sinadarai, da abin da ake rubutawa idan zaren ya tsinke, shi ne abin da babi na bakwai zai yi bayani a kansa, in Allah ya yarda.